Shekarar da Baffa Gado Ya Zama Na Fari

Na ji yadda kuke ba da labarin nan a tsakar gida, ku da 'ya'yanku, wai ni ne na juya gayyar shinkafa a garinmu, na tsaya gaban dattawa na faɗa musu gaskiya har suka sunkuyar da kai. Labarin ya yi mini daɗi, shi ya sa na daɗe ban gyara shi ba. Amma yanzu haƙoran gaba sun tafi, na baya ma sun fara sallama, gara in faɗa muku yadda aka yi tun da sauran wanda ya gani da idonsa. Karatun allo ban yi nisa ba, boko kuwa ta taga na leƙa shi, don haka kada ku tambaye ni kwanan wata. Abin da na riƙe shi ne shekarar da Bature ya naɗe kayansa ce, na Faranshi ya riga namu tafiya da 'yan watanni.

Kun san yadda fadamarmu take kwance a bakin Kwara, ta gangaro daga gindin tudu har ta tsoma ƙafa cikin kogi. A wancan zamani gonakin sama na manya ne. Saurayi idan ya yi aure sai a nuna masa can ƙasa, inda ciyawar burugu ta fi mutum tsawo, a ce ya share ya yi gayaunarsa. In babba ya rasu sai kowa ya ɗan matso sama. Yankan shinkafa kuwa ba a yinsa ɗaiɗai, gari ne gaba ɗaya ke afka wa gona ɗaya da ganga da lauje, a gama a koma ta gaba, kuma jerin na shekaru ne. Wanda ya fi kowa tsufa shi ne na fari, ango na bana shi ne na ƙarshe. Da ruwa ya san girman manya da ba komai, to bai sani ba. Bayan damina ta ɗauke akwai ruwan da ke zuwa daga ƙasashen yamma, wanda muke kira baƙin ruwa. Ba hadari ba tsawa, ka bar gonarka a bushe da yamma, da safe ka tarar da ita tana wanka. Daga ƙasa yake farawa. Kafin gayya ta gama da dattawa ta gangaro, zangarniyar samari ta nutse, kifi ya yi walima. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan zalunci ba, ƙuruciya ake ce masa. Ba za ka kwana da yunwa ba tunda tukunyar gandu na nan, amma ba za ka ɗaga rumbun kanka ba, ko gishiri matarka ke so sai ta je ta durƙusa.

Ni kuwa a lokacin na dawo daga Dahome, ƙasar da yanzu kuke ce wa Binin. Na yi rani biyu ina dako a kasuwar Malanbil, ina sauke buhunan albasa daga jirgi. A can na ga abin da ya ɗaure mini kai: mai furfura ya bi layi a bayana don na riga shi zuwa, kuma sama ba ta faɗo ba. Na dawo gida da wata hular Faranshi mai kama da faifan da aka zauna a kai, da kalmomin Faransanci da ba su cika tafin hannu ba, da baki mai yawa. Duk wanda ya ce mini sannu sai na yi masa bayanin mulkin kai, alhali ni kaina na ɗauka wani mutum ne za a kawo daga Kaduna.

Shekarar ce aka yi mini aure da Hajo, kakar wasunku, aka ba ni gayauna ta can ƙarshen ƙarshe. Sabuwar ƙasa ce, shinkafa ta yi kyan da har masu wucewa a jirgi ke rage gudu. Na riga na gaya wa Hajo cewa idan kifi ya cinye wannan, zan ɗauke ta mu ƙetare, akwai wani Badende mai fataucin albasa da ya ce in zo ya zaunar da ni. Ku sani, wanda ya ƙetare shi kaɗai yakan dawo da damina, amma wanda ya tafi da mata sai dai a ji labarin sunan 'ya'yansa. Da an yi haka, da yanzu da Faransanci kuke zagina.

Sai ga shi cikin daminar nan tsohon da ya fi kowa shekaru ya rasu, jeri ya faɗo kan Baffa Gado, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina rarrafe bayan babana ya kwanta dama. Baffa mutum ne marar yawan magana, siriri, ƙafafunsa duk tsagar laka. Amma a watannin nan ya zama wani iri. Ya ɗaure rago a bayan ɗaki yana ba shi dusa da hannunsa. Ya sa aka ɗinka masa riga. Ya aika wa danginmu na Lolo da na ƙetaren iyaka cewa su zo gayyarsa. Har makaɗi Nomau ya kira ya zaunar, yana tuna masa sunayen kakanni don kada kirari ya zo da giɓi. Ni duk ban lura da ma'anar wannan ba. Idona na kan wani kara da na kafa a bakin gonata, kullum ruwa na hawansa.

Ranar da aka taru gindin tsamiya bayan la'asar don sa ranar fara yanka, na gyara hulata na miƙe. Yaro ba ya miƙewa a wurin nan, balle ya yi magana. Na ce ruwa ya kusa, kamata ya yi bana a fara daga ƙasa a hauro, tunda shinkafar tudu ba inda za ta. Da na tsaya nan da an ce yaro ya yi wauta an wuce. Sai na ƙara da cewa ko Bature ya gane zamani ya juya, saura mu.

Baffa ya bar ni na zazzage duka, sannan ya ce, "Sanda, ka ƙare?"

Na ce, "Na ƙare, Baffa."

Ya ce, "Tun ban da gemu nike yankan shinkafar wasu, tawa tana nutsewa ina kallo. Ban buɗe baki ba, don an ce in jira, nawa na tafe. Na jira. Waɗanda munka fara jira tare, mafi yawa suna maƙabarta, ba su samu ba. Yanzu da abin ya iso gare ni, ka zo da wagga hula ka ce an canza. To, wa za ya mayar min da shekaruna?"

Ya kamata in yi shiru. Sai na ce, "Baffa, don kifi ya ci taka, dole ne sai ya ci tawa?"

Malam Audu, wanda ke bin Baffa a jeri, ya tofar da goro ya ce, "To, ga mulkin kai nan ya iso. Gado, a gidanka ya sauka."

Baffa bai ƙara kallona ba. Ya ce jibi za a fara, a gonarsa, kamar yadda aka gada. Aka shafa fatiha aka watse.

A nan ne labarin da kuke bayarwa ya fi yi mini ado, don kuna cewa na tara samari muka kafa gayyarmu. Mun kafa kam. Washegari da sassafe muka sulale fadama da laujunanmu, ni da Bawa abokina da sauran masu gonakin ƙasa, muna taku kamar sojojin da suka ci yaƙi. Sai da muka isa muka tuna jirage duk na dattawa ne, kuma ba wanda ya isa ya kwance ɗaya. Ganga babu, Nomau ya ce fatarsa ba ta san yara ba. Fura babu, don uwayenmu ne masu damawa. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kashe mu shi ne tambayar gonar wa za a fara. Na ce tawa ce ta fi kusa da ruwa. Wani ya ce tasa ta fi kwari, ruwa ta ƙarƙashi yake shigarta. Wani ya ce tasa ta riga nuna. Muka yi ta auna laka da ƙafa, kowa na rantsuwa. Rana ta take muna musu, matsattsaku na shan jininmu a natse.

Can Bawa ya daka mini tsawa ya ce, "Kai Sanda, ka san dai na girme ka da damina guda. Tawa za a fara."

Na ce, "Bawa, mi munka zo yi nan?"

Ya ce, "Wancan tsakaninmu da tsofaffi ne. Tsakanina da kai akwai girma."

Da yamma muka dawo da 'yan dammunan da ko jaki ba zai ji nauyinsu ba, biyu daga cikinmu ba sa ga maciji da juna, hulata kuma ta faɗa ruwa ta ƙara lotsewa. Mata na bakin rijiya suna yi mana barka da gayya.

Na shiga gida ta baya don kada in haɗu da Baffa, sai na faɗa hannun matarsa Inna Kulu, tana tankaɗen garin furar gobe. Ita ta shayar da ni tare da ɗanta, saboda haka ba ta da abin ɓoyewa a bakinta.

Ta ce, "Sarkin samari, an dawo? Zauna in cire ma wanga abu a ƙafa."

Ta ɗebo toka ta barbaɗa wa matsattsakun da ya maƙale mini a ƙwauri, ya faɗi. Ba ta ɗago kai ba ta ci gaba.

"Kana tsammanin shinkafa Baffanka ke so? Shekarar da anka kawo ni gidan ga, gonarshi ta fi taka kyau. Ya yanke ta wasu har hannunshi ya fashe, ran da anka iso tashi sai da jirgi anka shiga, ba a samu abin cika ƙwarya ba. Ya dawo ya zauna nan inda kake. Na ce mai mu ƙetare, ya ce in ya tafi wa za ya yanke ta tsofaffi. Tun rannan yake lissafin ran da za a kira sunanshi da ganga gari na saurare. Kai kuma ka tashi gaban mutane ka gaya mai jiran banza ya yi."

Na ce, "Inna, ai gaskiya na faɗa."

Ta ce, "Wa ya ce ƙarya ka yi? Shi ma gaskiyar ya faɗa. Tashi ka ba ni wuri."

Na fita na zauna bayan ɗaki kusa da ragon nan, shi yana tuƙa ni ina tunani, kuma ina jin ya fi ni samun mafita. Ban canza ra'ayi ba, har gobe ina ganin daga ƙasa ya kamata a fara. Abin da na kasa shi ne in hango mutumin da ya goya ni yana tsaye cikin sabuwar riga, baƙi sun zo daga ƙetare, a duba a ga ɗansa ba ya cikin masu yanka. Na wasa laujena. Na gaya wa Hajo ta fara ɗaure 'yan kayanta, gobe zan yi wa Baffa yanka, in ruwa ya gama da tamu sai mu kama hanya. Ta dube ni ta ce ita dai ba ta iya Dendanci ba, ta juya ta ci gaba da wanke-wanke tana share ido da gefen zane.

Da gari ya waye kowa ya hallara a gonar Baffa, har samarin jiya, don ba su da wata gayyar. Baƙi sun zo cikin jirage. Nomau ya saɓa ganga ya fara jero kakanni, ya zo kan Gado ɗan wane jikan wane, wanda bai taɓa makara a gonar wani ba. Baffa na tsaye a kan kunya, riga na walƙiya. Aka miƙa masa lauje ya yanki zangarniyar fari, mata suka yi guɗa, muka duƙa. Na yi yanka rannan kamar mai faɗa da shinkafa, ban ɗaga kai ba, don in na ɗaga zan hango tawa can ƙasa tana ƙyalli cikin ruwa.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai na ji gangar ta rage ƙarfi. Na duba, babu Baffa a kan kunya. Can muka hango shi yana gangarawa shi kaɗai, yana ratsa gonakin mutane, har ya zama ɗan tsito a bakin ruwa. Ya daɗe a tsaye. Da ya dawo, sabuwar rigar ta jiƙe har ƙugu, laka ta yi mata zane. Ya ɗaga wa Nomau hannu, ganga ta tsaya.

Ya ce, "An fara da tawa ko ba a fara ba?"

Aka ce an fara.

Ya ce, "Kowa ya shaida?"

Aka ce an shaida.

Ya ce, "To a kwance jirage. A gangara ƙasa, a faro daga bakin ruwa a hauro. Tawa ta jira."

Malam Audu ya jefar da laujensa ya ce, "Gado, kai ka sha kirarinka, ka ji daɗi. Ni fa da ke bi ma? Ni ban jira ba?"

Baffa ya ce, "Ka jira, Audu. Ban da abin da zan ce ma. Amma yau ni ne babba, kuma na faɗi."

Na matso ina washe baki, ina shirin in ce wani abu mai kama da godiya. Ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Kai kuma rufe min baki. Ba don surutunka ba ne. Na tsaya can sama ina jiran daɗin da anka ce akwai, ban ji komi ba sai ƙarar ruwa. Wuce ka ɗauko gorar tuƙa jirgi."

A ranar da kwanakin da suka biyo muka yi yanka cikin ruwa, wani wuri iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji, dattawa na cikin jirage suna karɓar dammuna suna yi mana tsiya. Su ne suka raba gardamar da ta gagare mu, don tsoho na duban launin ruwa ya ce wannan gonar gobe ta tafi, waccan za ta kai jibi, kuma ba mai musu. Ragon Baffa a bakin kogi aka gasa shi, muka ci a tsaye jikinmu na ɗiga. Gefen gonata na can ƙasa ya riga ya tafi, kifi ya karɓi zakkarsa, amma abin da aka fitar ya isa na ɗaga rumbu, ƙarami mai karkataccen kai, wanda na yi ta zagayawa kamar na gina masallaci. Hajo ta kwance kayanta ba tare da ta tambaye ni ba.

Kada ku ɗauka abin ya tafi kyauta. Kafin gayya ta hauro tudu shinkafar manya ta bushe ta wuce kima, kana taɓa ta tana zuba, tsuntsayen jan-baki kuma sun sauka a kanta kamar an gayyace su. Baffa ya yi asarar da bai taɓa yi ba tun da ya hau sama. Malam Audu ya daina amsa gaisuwar gidanmu, ya kai shekaru a haka, kuma ban ga laifinsa ba, don shi aka yanke wa jiransa ba a tambaye shi ba. Wasu tsofaffin sun ce Gado ya sayar da girma don ɗan ƙanensa. Da shekara ta zagayo an yi ta ja-in-ja kafin a tsaya kan abin da kuka tarar, wato a yanki damin fari a gonar babba da ganga da kirari, sannan a bi ruwa, a kuma sa yara tsaron tsuntsu a tudu. Ni da na tsufa har jeri ya iso kaina, dami ɗayan nan na samu, ban gama gyara tsayuwa ba samari suka hau baburansu suka yi ƙasa. Na buɗe baki zan yi ƙorafi, sai na tuna wanda ya fara, na rufe abina.

Amma abin da nake so ku riƙe ya faru ne da daminar da ta biyo, lokacin da sabon hatsi bai nuna ba, tsoho kuma ya ƙare. Rumbun gandu ya yi ƙasa da wuri saboda asarar nan. Wata safiya ina gyaran fartanya sai ga Inna Kulu da ƙwarya a hannu ta tsaya ƙofar ɗakinmu. A garinmu ba a taɓa ganin ƙwarya ta fito daga ɗakin babba ta nufi rumbun yaro ba, kullum akasin haka ne. Ta tsaya tana duban gefe.

Ta ce, "Baffanka bai aiko ni ba."

Na ce, "Na sani, Inna."

Hajo ta hau rumbu ta ciko ƙwaryar har tana zuba, ta ɗauka da kanta ta kai. Da azahar aka kawo mana tuwo zaure, ni da Baffa, kamar kullum. Tun ranar gindin tsamiya ba mu yi wata doguwar magana ba. Ya wanke hannu ya gutsura, ya daɗe yana taunawa yana duban bango.

Ya ce, "Wagga shinkafa warin laka take."

Na ce, "Ta bakin ruwa ce, Baffa."

Ya ce, "Na san ta. Irinta na noma shekara da shekaru, ban taɓa jin ɗanɗanonta ba."

Ya sake gutsura, ya jawo akushin gabansa, ya ce in leƙa in gaya wa Hajo ta ƙaro miya.